Raɗa a Tsakiyar Kufai

Tun kafin motar ta gama hawan tudu Froso ta hango hayaƙin. Siriri ne, can bayan dutse, ta wajen Drosiya, ƙauyen da suka baro da safe. Ta dubi direba Stratos, shi ma ya dube ta. Gobarar daji a watan Agusta ba labari ba ce a wannan yanki, sai in ta haɗu da iska. Ranar kuwa akwai iska.

Froso ta daɗe tana zagayawa da baƙi cikin kufan mutanen da. Ta ja Jamusawa masu tambaya sai ka ce alƙalai, ta ja 'yan jirgin ruwa waɗanda ko sunan ƙasar ba su riƙe ba, hoto kawai ya kawo su. Amma yau ba baƙi ta ɗauko ba. Matan cocin ƙauyensu ne, tsofaffin da suka san ta tun tana yawo da majina, waɗanda suka tsufa da kufan nan a bayan dutsensu ba su taɓa leƙa shi ba. A cikinsu har da mahaifiyarta, Marigo.

Fito da Marigo kuwa sai da aka yi da gaske. Tun da ɓarin jikin mijinta Anestis ya shanye, ko kasuwa ta daina zuwa. Froso ta yi makonni tana shela a ƙauye cewa har da tsohon za a tafi, a kekensa na marasa lafiya, shi ma ya sha iska. Da gari ya waye ya ce shi ba ya zuwa kallon duwatsun matattu, a kunna masa rediyo a ƙyale shi. Froso ta dinga lallashin uwar, ai tafiyar rabin yini ce, kafin abincin rana sun dawo. Suka ajiye masa ruwa kusa da hannun da ke motsi, suka fito tun maza ba su hallara a shagon gahawa ba.

A bakin ƙofar kufan Marigo ta kama hannun 'yarta.

"Froso, wancan hayaƙin ba ta wajenmu ba ne?"

"Haba Mama, can nesa ne, wajen teku. Ki saki jikinki."

Ƙarya ta yi, kuma ta san uwar ba ta haɗiye ta duka ba. Ta ɗaga jar laimarta, irin wadda kowane jagora ke ɗagawa don a bi shi, ta shige gaba. Wayarta babu sabis, don a cikin kwarin nan waya ado ce. Ta yi wa Stratos ido ya koma kan tudu ya bugo ƙauye.

Kira Vangelio, wato Uwargida Vangelio a harshensu, matar mai gidan burodi, ta tsaya gaban ginshiƙan ɗakin bauta ta riƙe ƙugu.

"Yanzu wannan ne mutane ke tsallako teku su gani? Ai garken awakin kakana ya fi shi rufi."

"Ke da su ai sa'anni ne, Vangelio, ki gaishe su mana," in ji wata daga baya.

Aka kwashe da dariya. Froso ta yi ta zuba bayanin da ta haddace, wane sarki ya gina, wace girgizar ƙasa ta rushe, Rumawa suka zo suka gyara, bakinta na aiki hankalinta na can gida. Ta lura motocin baƙi biyu da suka tarar sun juya sun tafi. Ta lura gyare, da kullum ke cika wa mutum kunne a cikin itatuwan zaitun, yau ya yi tsit. Wani jirgi mai ɗaukar ruwa ya wuce ƙasa-ƙasa ya nufi bayan dutse. Da ta sauke laimar don ta share zufa, sai ta ga toka a kanta, fara-fara. Ta kakkaɓe da sauri. Tsoro ya kama ta sosai.

Ta so ta mayar da su mota, amma Stratos bai dawo ba, kuma in ta juya da su yanzu dole ta faɗi dalili. Sai ta kai su dandalin wasan kwaikwayo.

Duk jagoran da ya san aikinsa abu ɗaya yake yi a nan. Zai tura mutanensa can ƙololuwar matakalan dutse, shi kuma ya tsaya ƙasa a kan wani kewayayyen dutse da ke tsakiyar fili. Daga kan dutsen nan ko numfashi ka ja, na sama zai ji kamar a kafaɗarsa kake. Matan suka hau suna nishi suna tsine wa gwiwoyinsu, Vangelio na jan Marigo. Da suka zazzauna Froso ta saki kwabo, ya ce ƙil. Daga sama aka yi shewa. Ta yaga takarda a hankali, suka tafa. Ta hango uwarta ta rufe baki da gefen ɗankwali tana dariya, abin da rabonta da gani tun kafin ciwon tsohon. Daɗi ya rufe ta, har ta ɗan manta da hayaƙin.

A nan Stratos ya shigo fili da sauri, hularsa a hannu. Shi ma ya san dutsen nan, ya ga wasan kwabon har ya gundure shi. Froso kuwa da dutsen take cin abinci. Amma mutumin kirki in ya ɗauko mugun labari, matsowa yake yi ya rage murya, ita kuma ta miƙa masa kunne, babu wanda ya dubi inda ƙafarsa take.

"Kira Froso, wuta ta shiga Drosiya ta sama," ya raɗa mata. "An kwashe mutane, suna bakin teku. Na samu fadan cocinmu a waya."

"Babana fa?"

"Shi ne. Fada ya ce shi da samari sun bi gida-gida. Duk ƙofar da suka ga makulli a jiki sun shiga. Taku babu makulli, tagogi a rufe. Suka ce ai kun tafi da tsohon."

A Drosiya makulli a jikin ƙofa yake wuni ta waje muddin akwai rai a cikin gida. Ba a zare shi sai in gida ya zama wayam. Marigo ba ta taɓa zare nata ba. Froso ce ta fito ƙarshe da safe, ta kulle ta zare makullin da hannun da ya saba da ƙofofin birni.

"An koma?" ta tambaya.

"Fada ya juya yanzu. 'Yan kwana-kwana sun tare hanya, yana can yana roƙonsu. Kar ki gaya wa Kira Marigo tukuna, mu sa su a mota kawai."

Sai a lokacin Froso ta ji shirun. Ta ɗaga kai. Matan nan duka suna tsaye a kan matakala ta ƙarshe, babu mai motsi, Vangelio ta dafe ƙirji. Mutum ɗaya ce kawai ke saukowa. Marigo ce, a karkace, matakala bayan matakala, ba ta riƙe kowa ba. Babu wadda ta yi ƙarfin halin tare ta. Saukar ta yi tsawo, Froso kuma ta kasa zuwa ta tarye ta, ta kasa sauka daga kan dutsen.

Da tsohuwar ta iso ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta miƙa tafin hannu.

"Mama, wallahi ban..."

"Ba ni."

Froso ta laluba aljihunta ta ciro makullin ta ɗora mata. Marigo ta damƙe shi, ta juya wajen direba.

"Stratos, ɗana, tada mota. In Anestis ya ji tsoro ba ya iya kira. Bakin ba ya buɗuwa."