Silifas ɗin Wartini

Ni Karjo na fara ganin abin nan, kafin likita, kafin masu digiri. Ban san bihim ba, amma shekara shida na yi ina jinya a gidan yinin nan na garin Magelang a Indonesiya, inda masu taɓin hankali ke zuwa da safe su koma gida da la'asar. Na warke sarai, har suka roƙe ni in zauna ina dafa musu shayi.

Al'adarmu, wanda aka sallama yakan bar tsohon silifas ɗinsa a kan wata kantar katako da ke bakin ƙofa, hancin yana kallon titi, ya tafi da sabo. Abin da na gano shi ne, duk wanda ciwonsa zai dawo, takalminsa kan riga shi juyowa ciki.

Wartini ta yi shekara uku a nan. Yau ta ƙaunace ka, gobe ta jefe ka da kofi. Yayarta ta karɓe mata 'ya, ta ce ba za ta mayar ba sai Wartini ta cika shekara guda a waje lafiya.

Wata tara da sallamarta ta zo amsa tambayoyin likita, da rana tsaka. Tana duban kantar takalman ta tsaya cak. Silifas ɗinta sun juya rabi, ƙura a kansu ba ko sawun yatsa.

"Mbah Karjo, kai ka taɓa min takalmi, tsohon banza?" in ji ta, don Mbah, wato Kaka, suke kirana.

"Ni? Wannan ƙazamin? Ko da kara ba na taɓa shi, 'yar nan."

Ta miƙa hannu za ta gyara. Na ce, "Kul! Tukiman da aka sallama kafin ke ya gyara nasa da hannu. Bayan kwana uku aka dawo da shi a ɗaure."

Ta zauna a ƙasa. Fushin nan da ta sani ya taso mata har wuya, ta ji sha'awar farfasa komai. Sai ta shiga jan numfashi a hankali yadda aka koya mata, idonta a kan silifas ɗin. Ba iska, ko ganye ba ya motsi. Roba ta yi ƙiii a kan katako. Ƙafar hagu ta ƙara karkatowa.

Wartini ta tuna kitson 'yarta da ba ita ke yi ba. Ta miƙe, ta tuɓe sababbin, ta hau benci, ta zura ƙafafunta cikin tsofaffin daga inda suke. Da ɗuminsu, kamar yanzu aka cire.

"In tafiya kuke so, ni zan ja ku," in ji ta.

Ta sauko ta fita titi da su, suna jan ta baya, tana jan su gaba.

Bana shekara huɗu ke nan 'yar na hannun Wartini.

Sababbin da ta bari suna nan, kuma duk safiya ina tarar da su a jere a bakin ɗakin likita, kamar mai jiran layi. Mai musu ya zo, zan ba shi shayi kyauta. Ya zura ƙafa ɗaya kawai.