Hoton Ba'ana a Bayan Mota

Shekara biyu bayan samun mulkin kai, Falmata mai turaren wuta tana dawowa daga kasuwa sai motar gyaɗa ta wuce ta a unguwar Mafoni, cikin Yerwa. A katakon baya an zana ƙanenta Ba'ana, ɗan kokawar da Yerwa ke ji da shi, wanda zazzaɓi ya yi ajalinsa bara. Ta tsaya cak har motar ta sha kwana.

Washegari ta nemo mai motar a tasha, wani Bakano wai shi Nasidi.

"Malam Nasidi, wa ya ba ka ƙanena?"

"Ya Falmata, ai Ba'ana na kowa ne. Har Jos, in na tsaya, mutane taruwa suke yi suna kiran sunansa."

"Da yake kwance yana rawar ɗari ban ga kowa ba. Ni na goya shi, ni na rufe masa ido."

Nasidi ya sunkuyar da kai, ya ce yau ɗin nan za a shafe. Ya kai ta, tare da motar, rumfar Pindar mai fenti, wanda ya yi zanen, a unguwar Moduganari. Pindar ya tsoma buroshi a baƙin fenti, sai ta riƙe masa hannu. Ta daɗe tana kallon zanen: ido jawur, fuska murtuke kamar zai ci mutum.

"Wannan ba shi ba ne. Ka taɓa ganinsa?"

"Sau ɗaya, daga nesa," in ji Pindar.

Ta sa aka kawo mata tabarma. Kwana uku tana zuwa, tana ba shi labari yana gyarawa: wushiryarsa, kunnen hagu da ya lanƙwashe tun yarinta, yadda in ya ka da mutum yake ɗaga shi ya kakkaɓe masa baya. Ta tuna yammacin kaka a dandali, ganguna na tashi, shi kuwa yana leƙen ta cikin mata ko ta kawo masa ardeb, ruwan tsamiya mai sanyi. Nan Pindar ya ajiye buroshi ya saurare ta.

Da aka gama ta ce wa Nasidi, "Ka tafi da shi, ya ga gari. Amma duk direban da ke son irinsa, ya fara zuwa ƙofata."

Biyu sun zo a shekarar. Ta yarda wa ɗaya. Ɗayan ta hana shi, don ta ji yadda yake zagin fasinja.