Tallan da Goggo Ta Ji a Bakina

Shekara shida ke nan ina gabatar da shirin lafiya a gidan rediyonmu, kowace Talata da hantsi. Nakan karanta labaran da suka shafi ciwon suga, hawan jini, asma da makamantansu, in gayyato likita idan an samu mai lokaci, in amsa kiran masu sauraro. A tsakiyar shirin akwai minti biyu na talla, kuma ni nake karantawa da bakina, don manajanmu ya ce mutane sun fi yarda da muryata.

Wata rana aka kawo sabon talla. Mai shi wani mutum ne mai ƙaton zobe da turare mai hawa kai. Kowa a ofis Dakta yake ce masa, ko da yake ban san wanda ya taɓa ganin takardarsa ba. Ya dire kwalba a teburina, ruwan cikinta baƙi-baƙi, wani gari ya kwanta a ƙasa. Rubutun tallan ya ce ruwan yana wanke suga daga jini cikin kwana arba'in, yana sauke hawan jini, kuma duk wanda ya fara sha ya huta da haɗiyar ƙwayoyi. Na ce wa manaja wannan magana ta ƙarshe ba ta kwanta mini ba.

"Ke dai karanta," ya ce, idonsa a kan waya. "Kowa ya san talla talla ne."

Na karanta. Mako shida ina karantawa, har na haddace.

Goggona, ƙanwar babana, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata. Tela ce, kuma shekararta tara da ciwon suga. Wata Asabar na je gaishe ta. Tun daga bakin ƙofa wani wari ya tare ni, irin na ɓeran da ya mutu a bayan kabad. Ta fesa turare a kai, abin ya ƙara muni. Tana zaune a gefen keken ɗinki, ƙafarta ta dama a kan kujera, an naɗe ta da ƙyallen da ya rage daga ɗinkin wata. Ƙudaje uku suna ta zagaye wurin.

"Goggo, me ya mutu a ɗakin nan?"

"Bakinki dai, ko gaisuwa babu. Allura ce na taka, ban ma ji shigarta ba. Yana warkewa."

Na durƙusa na fara warware ƙyallen. Ya manne, sai da na jiƙa shi da ruwan ɗumi. Da ya fita, na juya kaina gefe. Ƙananan yatsu biyu sun yi baƙi, tafin ya kumbura yana tsatsar da ruwa rawaya. Ita ko a jikinta, don ƙafar ta daina jin komai.

A kan taga, kusa da rediyonta, na hango kwalabe huɗu irin ta Dakta. Uku babu komai a ciki. Sha take yi safe da yamma, kuma a shagon da take saya an ce mata ta riƙa ɗiga shi a kan ciwon. Na buɗe gwangwanin da take ajiye maɓallai, sai ga ƙwayoyinta na asibiti, fakiti biyu, ko ɓarewa ba ta yi ba.

"Wa ya ce ki daina shan waɗannan?"

Ta dube ni da mamaki. "Ke mana, 'yar nan. Da kunnena na ji ki. Na ce tunda ke kika faɗa, ai babu sauran tambaya."

A asibiti, likitan da ya duba ta ya taɓa zuwa shirina sau biyu. Ya gane ni. Ya karɓi kwalbar, ya ɗaga ta wajen haske. A ƙarƙashin sabuwar takardar da aka manna mata ana ganin sauran tsohuwa, ta wani lemo, wuyan kwalbar kuma duk dauɗa. Ya buɗe ya shinshina, ya yamutsa fuska, ya miƙo mini. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Washegari aka cire yatsun biyu. Ya ce da an ƙara mako ɗaya, da maganar ƙafar gaba ɗaya ake yi.

Ranar Litinin na shiga ofishin manaja da kwalbar a jaka. Na tarar da Dakta a ciki, ya cire takalmi ya ɗora ƙafa a kujera, yana sakace. Na gaya musu abin da ya faru, ban rage komai ba.

"Ai cutar ce take fitowa ta ƙafa," in ji Dakta. "Gaggawa kuka yi. Da kun bari ta cika kwana arba'in."

Na buɗe kwalbar na tura gaban manaja. "Ranka ya daɗe, kai ma kana da hawan jini. Bismillah."

Ya sa bakin biro ya ture ta can gefe, ko da hannu bai yarda ya taɓa ba. "Allah ya ba Goggo lafiya," ya ce. "Idan ba za ki karanta ba, akwai masu baki da yawa a gidan nan."

Haka kuwa aka yi. Yanzu mai labarin wasanni ne yake karantawa, da zarar na rufe shirina. Ni kuma kowace Talata sai na ce kada kowa ya ajiye maganin da likita ya ba shi saboda talla, ko daga bakin wa ya ji. Manaja ya yi mini gargaɗi sau biyu a kan haka. Ina cire abin sauraro daga kunnena, sai in ji kiɗan tallan ya tashi, in fita in kurkure bakina a famfon baya.

Goggo ta koma gida bayan kwana goma sha ɗaya. Tana shan ƙwayoyinta, tana koyon taka keke da ƙafar hagu. Ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Ranar da muka dawo da ita, maƙwabciyarta ta shigo dubiya, ta ga bandejin, ta yi addu'a mai tsawo. Da na rako ta ƙofa sai ta kama hannuna ta rage murya.

"Tunda kin san Daktan nan, ki samo mini kwalba biyu mana. Maigidana ma sugan ne."