Idan Kuka Ta Zo

Kawuna Bawa mutum ne da idan ransa ya ɓaci ba ya ɗaga murya, sai dai ya ƙara wa shuka ruwa. A bazarar da nake ba ku labari, ƙananan itatuwan da yake reno a bayan tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda sun sha ruwa har sun gode Allah.

Wanda ya ɓata masa rai wani attajiri ne na ƙasar waje, wanda Kawu bai taɓa ganin ko hotonsa ba. Gidauniyar mutumin ce ta buɗe lambun renon itatuwan don a tare hamada da zafin da ke ƙaruwa kowace shekara, ta ɗauki Kawu ya kula da shi. Akwai dogon yaro, akwai bagaruwa, amma layin kuka shi ne ɗan gatan lambun. Kawu ne ya kawo irin da kansa, daga tsohuwar kukar ƙofar gidansu a Birnin Tsaba, wadda ya baro lokacin da zaman ƙauye ya gagara. Kowace tana cikin baƙar ledarta, tsawonta bai wuce gwiwa ba, kuma har magana yake yi musu. Ni Jabiru, da nake tuƙa keke napep nake kuma fakewa a lambun idan rana ta take, na sha jin sa da kunnena.

Ina wurin ranar da Malam Khalil, jami'in gidauniyar, ya zo da labarin. Mutum ne mai kunya, sai da ya gaishe da Kawu har sau nawa kafin ya iya faɗa.

"Baba Bawa, mai gidauniya ya sake shawara. Ya ce zafin duniya gaskiya ne, amma yaron da yunwa ko zazzaɓi zai kashe bana ba zai jira itace ya girma ba. Abin da ake kashewa a lambu zai koma asibitoci. Ƙarshen wata motar ruwa za ta daina zuwa."

Kawu ya dubi layin kukarsa ya ce, "To shi yaron in ya rayu, ƙarƙashin mi za shi zamna?"

"Wallahi ni ma na tambayi kaina," in ji Malam Khalil. "Amma ai sai ya rayu tukuna."

Kawu ya ɗauki bokiti. Daga ranar ya raɗa wa attajirin suna Alhaji Sake-Shawara. Ko tayar kekena ce ta yi faci, sai ya ce Alhaji Sake-Shawara ne ya janye iskar. Ni kuwa ina zuga shi, don fushin Kawu ya fi rediyo daɗin saurare.

Ana cikin haka 'yarsa Hadiza ta iso daga Dauran, goye da 'yarta Nadiya. Kawu yana kiran jikar nan tasa amaryarsa, kuma rabonsa da ita tun tana ƙiba tana ja masa gemu. Da Hadiza ta kwance goyon a gabansa, sai dariyar da ya tanada ta maƙale. Hannuwan yarinyar sun zama kamar tsinken tsintsiya, gashinta ya yi ja, idanunta a buɗe amma ba ta kallon kowa. Tamowa ce. Abin da ya fi tsorata ni shi ne shirunta. An juya ta, an ɗaga ta, ƙuda ya sauka a leɓenta, ko uhum ba ta ce ba.

Ni na kai su sabon ɗakin kula da yara masu tamowa da aka buɗe a wancan gefen gari. A jikin allon ƙofar akwai zanen tafin hannu riƙe da ganye, irin wanda ke jikin motar ruwan lambu sak. Na gani. Kawu ma ya gani, ya kawar da kai kamar ya haɗu da wanda ba sa ga maciji a hanyar masallaci.

Aka karɓi Nadiya da uwarta. Maza ba sa zama a ciki, don haka washegari da safe muka tsaya a bakin ƙofa muna jiran wanda zai ba mu labari. Sai ga Sista Gift, ma'aikaciyar jinya 'yar kudu da ta daɗe a Kaura. Hausa a bakinta gudu take yi ba birki, sai dai "ya" da "ta" ta raba su yadda ta ga dama. Ni kaina ta sha ce mini, "Jabiru ta zo?" ina amsawa.

Kawu ya tare ta. "Ɗiyata, yaya amaryata ta kwana? Mi kuka buƙata in kawo?"

Tana sauri, da kwanon madara a hannu, ta ce, "Baba, muna ba ta madara kaɗan-kaɗan. Yanzu kuka kawai muke jira. Idan kuka ta zo, hankalinka zai kwanta." Ta shige.

Kawu ya juyo ya dube ni. "Ka ji? Kuka suka jira."

Na ce bari in garzaya kasuwa in auno garin kuka. Ya girgiza kai. Ya ce asibiti guda ba zai zauna jiran abin da ke kan kowane faifai a kasuwa ba, ɗanyen ganye suke nufi. Ga shi bazara ce, duk wata babbar kuka daga nan har Shinkafi tsirara take, ba ganye ko ɗaya. A faɗin Kaura wuri guda ne kawai ake da koren ganyen kuka. Maganar ta zauna mini daram, don ni ma abin da na ji ke nan.

Muna isa lambu ya ɗauko roba, ya durƙusa gaban ta farko a layin, ya fara tsinke ganyenta. Mutumin da ke korar akuya da gudu idan ta shinshini leda, shi ne ya tsige shukar nan tas. Tausayinsa ya kama ni.

Na ce, "Kawu, a wannan zafin in ka tsige su duka, ga ruwa zai yanke, mutuwa za su yi."

"Su mutu," in ji shi. "Amaryata dai."

Na lallashe shi mu kwashe su da ledojinsu, don ganyen ya isa ɗanye, su asibitin su tsinki abin da suke so. Ya yarda. Muka cika keke maƙil, ƙasa da kan kujera, shi kuma ya matse a gefena rungume da guda biyu. Da muka hau titi bakina ya ƙi zama.

"Kawu, ashe kai ma Alhaji Sake-Shawara ne? Yaro tukuna, itace daga baya?"

Sai da muka wuce kasuwar hatsi tukuna. Sannan ya ce, "Shi yaran duniya duka yaka gani. Ni guda ɗai nig gani, ga yadda niy yi." Ya gyara riƙon ledojin. "Amma inuwa ma ba ƙarya ba ta. Tuƙa kekenka."

Sista Gift ta fito ta tarar da ƙofar asibiti ta koma daji. Ta dubi itatuwan, ta dubi Kawu.

"Baba, mene ne wannan?"

"Kukar da kinka ce kuna jira. Ku tsinka duka, kar ku ji komi."

Hadiza da ta leƙo ta taga ce ta fara ganewa, ta rufe fuska da mayafi, dariyarta ta farko tun zuwanta. Sista Gift ta dafe kai ta ce, "Wayyo, Baba! Ba ta miya ba. Ta baki!" Ta yi mana bayani a hankali. Yaron da tamowa ta ci ƙarfinsa ko kuka ba ya iyawa. Ranar da ya buɗe baki ya tsala ihu yana neman abinci, ranar ce suke sanin ƙarfi ya fara dawowa.

Kawu ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. Na fara mayar da ledojin cikin keke, sai Sista Gift ta ce in dakata. Ta nuna matan da ke jere a jikin katanga da 'ya'yansu, kowace ta yi rumfa da gefen zaninta saboda rana. Ta ce asibitin na da rijiyar burtsatse, kuma ruwan wanke hannu zuba yake yi a banza. Ta shiga ta yi magana da shugabansu, ta fito ta ce a dasa.

Kawu ya ce mata kuka ba ta sauri, waɗannan matan ba za su sha inuwarta ba. Ta ce ai 'ya'yan da ke bayansu ma za su haihu.

Haka Kawu ya koma kwana a gida, yini a asibiti. Kullum da safe yana haƙa rami a bakin katanga, kunnensa na wajen taga. Yara da yawa suna kuka a ɗakin, amma ya ce duk ba muryar amaryarsa ba ce. Kwanaki suka yi ta tafiya, har na fara jin tsoron tambayar Hadiza.

Wata safiya ina riƙe masa 'yar kukar da ya tsige ɗin nan, yana zuba mata ruwa, sai wata siririyar murya ta taso daga ciki, a shaƙe, cike da masifa, irin ta wanda aka makara da abincinsa. Kawu ya tsaya cak. Taga ta buɗe da ƙarfi, Sista Gift ta leƙo.

"Baba! Kuka ta zo!"

Hawaye na bin gemunsa ya ce, "Ya zo, ɗiyata. Ya zo."

Bokitin na karkace a hannunsa bai sani ba. Ramin ya cika, ruwa ya malalo ya jiƙa mini takalma, ban ce masa ya isa ba.