Kwamfuta Ce Ta Ce

A watan Fabrairun 2007 aka turo Musbahu daga Kano da fom mai shafi biyu. Aikinsa shi ne ya zagaya ƙungiyoyin manoman rani da ke tsakanin Kura da Bunkure, ya duba ko suna amfani da kwamfutocin da gwamnati ta raba musu shekara uku da suka wuce. Ƙungiya ta tara a jerinsa ita ce ta Unguwar Sammani.

Tun kafin ya kafe babur ya ji hayaniya a ƙofar ofishin. Wata dattijuwa ce tsaye, riƙe da tsiron tumatir da ta tuge, ganyensa ya yi yaushi. A gabanta shugaban ƙungiya, Alhaji Baballe, yana zaune a benci yana ɓare gyaɗa.

"Kwana goma sha tara, Alhaji," in ji ta. "Kwana goma sha tara ruwa bai shiga fangalina ba. In Alhamis ta wuce a haka, sai dai na kora awaki ciki."

"Mairama, na gaya miki ba ni nake rabon ruwa ba. Kwamfuta ce. Ga takarda can a bango. Tun da mijinki ya rasu ta cire sunansa, naki kuma ba ta fitar ba. Ni zan yi musu da na'urar gwamnati?"

Manoman da ke zazzaune suka gyaɗa kai. Mafi yawansu gonakinsu na kusa da bakin get ɗin kanal ne, inda ruwa ke fara isa. Gonar Mairama kuwa ita ce ta ƙarshen kanal. Ranar ruwan da aka cire mata, wani ne yake shan ta, kuma kowa a wurin ya san gonar wa ce ta yi kore shar a makon nan.

Musbahu ya yi sallama, ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Madalla," in ji Alhaji Baballe. "Rubuta akwai kwamfuta, tana aiki lafiya lau. Uba, kawo wa baƙo lemo."

Uba shi ne mai buɗe get, makullinsa na rataye a wuyansa da igiya.

Musbahu ya ce, "A bar lemon, ranka ya daɗe. Kwamfutar nake son gani."

"Tana ciki, an lulluɓe ta. Ba ta son ƙura."

"To a buɗe ta."

"Babu wuta."

"Na ga janareta a shagon mai cajin waya. Zan sa mai."

Alhaji ya watsar da ɓawon gyaɗa. "Kai ɗan boko, waɗanda suka zo kafin kai sun girme ka. A nan suka zauna, suka cika takardarsu, muka ba su kwandon tumatir suka tafi. Kai me ka fi su?"

"Ban fi su komai ba. Ni dai tumatir ne ba na ci."

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta da sauri.

Sai da aka yi rabin awa ana ja kafin Alhaji ya wurgo makulli ƙasa. A cikin ofis kwamfutar na kan tebur, an rufa mata zanen gado mai fure. Musbahu ya yaye. Zanzaro ya yi gida a bayanta har ɗaki uku. Wayar wutarta na naɗe a leda, ɗaure da ɗan zaren da aka ɗaure ta da shi tun daga kamfani.

Ransa ya ɓaci. Shekara uku! Ya kwance wayar a gaban kowa, a hankali, don su gani. Aka jawo wuta daga janareta. Mutane suka cika ɗakin, wasu suka leƙo ta taga. Allon ya kawo haske.

"Me take cewa?" Mairama ta tambaya daga bakin ƙofa.

"Iya, marhabin take yi mana. Tana tambayar sunan mai ita, da kwanan watan yau."

"Ba ta san Alhaji ba?"

"Ba ta san kowa ba. Yau aka fara kunna ta tun da aka ƙera ta. Babu sunan mijinki a ciki balle ta cire shi. Babu sunan kowa."



Musbahu ya fita ya ɓamɓaro takardar bango. A can ƙasanta, da ƙananan haruffa, akwai sunan wani shagon buga takardu da lambar wayarsa. Ya karanta da ƙarfi.

"Ƙarya kake!" Alhaji ya miƙe. "Kai ka goge abin da ke ciki! Mun ga kana danne-danne!"

"Ƙwarai, ya danna," in ji wani mai gona a bakin get. "A idona ya danna."

"Yaro ya zo daga birni zai haɗa mu faɗa."

"A kashe janaretan nan!"

Musbahu bai ɗaga kai ba. Ya ja kujera ya zauna. "Tun da babu komai a ciki, sai mu zuba mata. Wa ke bakin get?"



"Gonar Alhaji ce," in ji Mairama. "Ƙasanta ta Ibrahimu mai alkama. Ƙasan Ibrahimu ta Ɗanbaba."

"A'a, Iya," Ɗanbaba ya yi karaf, "akwai ta ƙanina a tsakani, kada ki tsallake shi."

Shi ke nan baki ya buɗe. Babu manomin da zai yarda a rubuta jerin kanal babu shi, kuma babu wanda bai san wa ke samansa da wa ke ƙasansa ba. Masu cewa a kashe janareta su ne suka fi ɗaga murya wajen gyara. Musbahu yana bugawa, suna gardama, har aka kai gona ta arba'in da ɗaya, ta Sunusi.

"Ƙasan Sunusi fa?" in ji Musbahu.

Sunusi ya dubi Alhaji, ya dubi ƙasa. "Ta marigayi ce. Ta Iya Mairama."

Musbahu ya buga sunanta da manyan haruffa. Ya raba kwanaki shida yadda kanal ya bi, daga sama zuwa ƙasa. Rabonta ya faɗo ranar Laraba, wato washegari.

Alhaji Baballe ya sa takalminsa. "Ka buga abin da ka ga dama. Makulli dai yana hannun Uba, kuma zan kai ƙararka wurin na gaba da kai. Sai ka bar aikin nan."

Ya fice. Kowa ya juya ga Uba.

Uba ya daɗe yana kallon allon, yana murza makullin da ke wuyansa. Bai iya karatun boko ba.

"Malam, wancan dogon na ƙasa, sunanta ne?"

"Shi ne."

"To. Ni dai shekara uku ana ce min kwamfuta ce ta ce. Yau na gani da idona ta ce."

Washegari da hantsi Musbahu ya dawo, ya bi gefen kanal da ƙafa har ƙarshe. Ruwa ya iso, ja, yana turo karmami a gabansa. Mairama na tsaye da fartanya tana buɗe bakin fangali ɗaya bayan ɗaya. Layuka shida na can ƙasa ta tsallake su, sun riga sun bushe. Sauran sun sha.

Ba ta yi masa godiya ba. Ta ce, "Da ka zo makon jiya."

Ya zauna a kan ginin kanal ya ciro fom. Tambayoyi biyu ne a kan Unguwar Sammani. Akwai kwamfuta? Tana aiki? Kowace da gurbin e ko a'a, babu wurin ƙarin bayani. Ya danna biro a kan e, ya sake dannawa a kan e, daidai yadda masu karɓar kwandon tumatir suka yi. Sannan ya juya bayan takardar ya fara rubuta abin da ya gani da ƙananan haruffa, don ya samu wuri.