Sudo a Hannun Yaya

Tun daga ƙofar gida na ji ƙarar wani abu ya daki bango. Da na shiga falo sai na ga linzamin kwamfutata ne, ya rabe biyu, batirinsa yana gangarawa ƙarƙashin kujera.

"Ga ta nan," in ji Yaya. "Ga malamar."

Yaya maƙerin ƙofofi ne. A bakin aiki Guduma suke ce masa, kuma ba don yana riƙe guduma ba. Kwamfutar tawa ce, tsohuwa, Kawu ya ba ni da na shiga ajin ƙarshe. Da ƙyar take numfashi, shi ya sa na cire tsarin da ta zo da shi na saka mata wani mara nauyi, Linux. A cikinta aikina na kammala makaranta yake, shafi sittin da biyu, ranar Litinin zan miƙa. Ranar Asabar muke. Ba ni da kwafinsa a ko'ina, domin filashina ya ɓata tun makon jiya, ina ta cewa gobe zan sayi wani.

Da kwamfutar Yaya ta ƙone, sai ya dawo kan tawa da wasan yaƙinsa. Wasan ba don Linux aka yi shi ba. Sai da na yi kwana uku ina fama da Wine, manhajar da ke yi wa irin waɗannan wasanni tafinta, kafin ya yarda ya buɗe. Na ajiye masa alama a kan allo, na ce ya danna sau biyu kawai, kada ya taɓa komai.

"Me kika yi masa?" ya ce.

"Yaya, ni tun safe ina laburare."

"Ban tambaye ki inda kike ba."

Abokinsa Dogo, mai gyaran waya, yana kishingiɗe a doguwar kujera yana sakace haƙori da tsinke. Ya ce, "Ni fa na faɗa maka, wannan Linus ɗin nata na 'yan boko ne. A goge shi kawai. Minti ashirin na saka maka na mutane."

"Akwai aikina a ciki," na ce. Muryata ta fito siririya, har na ji kunyarta.

Yaya ya kama bayan wuyana ya zaunar da ni a gaban teburin, da ƙarfin da sai da gwiwata ta bugi ƙafar tebur. Hannunsa yana warin ƙarfe da hayaƙin walda.

"Ki gyara. In na gama shan ruwan nan bai buɗe ba, Dogo ya goge komai. Har da aikin."

Na danna alamar. Ƙaramar da'ira ta juya, ta juya, ta ɓace. Babu abin da ya fito. Na sake dannawa, duk da na san babu amfani, don dai yatsuna su sami abin yi.

Sai na buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, na kira wasan daga can don in ga inda yake mutuwa. Rubutu ya zubo kamar tururuwa. Yawancinsa surutu ne da Wine ta saba yi ko da lafiya lau. Na bi layi-layi da yatsa. Idona yana ruwa, haruffan suna haɗewa.

"Karatu take yi mana," in ji Dogo. "Malama, a fassara wa jahilai."

Can ƙasa na ga layin. Wasan ya nemi ya rubuta a fayil ɗin saitinsa, an ce masa ba shi da izini. Na duba foldar. Fayilolin da jiya nawa ne, yau duk sun koma mallakar babban mai iko na kwamfutar, wanda ake kira rut. Ni ban yi haka ba. Na danna kibiyar sama don in ga umarnin da aka rubuta a baya, sai ga shi: wani ya saka ƙarin makamai daga filashi, ya rubuta sudo a gaba.

Sudo kalma ce da ke ba mutum ikon yin komai a kwamfutar. Sai da kalmar sirri take aiki, kuma Yaya ya karɓi tawa tun watan jiya, ranar da ya murɗe mini kunne har ya yi jini.

Da na yi shiru na gyara, da wataƙila an wuce wurin. Amma bakina ya riga ni.

"Wa ya saka sudo?"

Dogo ya cire tsinken daga baki. "Ni na ce ya saka. Ƙarfi yake ƙara wa abu. Kowa ya sani."

"Ba ƙarfi yake ƙarawa ba. Ya ƙwace fayilolin ne, yanzu wasan ba ya iya taɓa kayansa. Ku kuka ɓata shi."

Ban ga tahowar marin ba. Na dai ji kunnena ya ɗauki ƙara, tabarauna ya yi tsalle ya faɗa kan madannai. Kofin da ke hannunsa ya bi bayan marin, ya wuce ta gefen kaina ya fashe a jikin taga.

"Ni na ɓata? A gidan ubana za ki ce na ɓata?"

Umma ta fito daga kicin da gudu, hannunta duk kumfar sabulu. "Kai! Kai! Me ta yi maka?"

"Umma, ki koma ciki."

"Ba zan koma ba. Ƙanwarka ce, ba ƙarfen shagonku ba."

Na laluba na mayar da tabarau. Ƙafarsa ɗaya ta karye, sai na riƙe shi da hannun hagu, na yi rubutu da dama. Umarnin gajere ne: a mayar mini da mallakar foldar da duk abin da ke cikinta. Sau biyu ina kuskuren harafi. Na duba hanyar foldar sau uku, domin in na karkata ta, kwamfutar gaba ɗaya zan lalata da hannuna. Na danna.

Babu abin da ya fito. Ɗan farin layi kawai yana ƙiftawa.

Haka abin yake. In yana aiki ba ya magana, sai in ya samu matsala. Fayilolin wasan sun fi dubu arba'in, faifan ajiyar kwamfutar kuma tsoho ne, ina jin ƙugin da yake yi a ƙarƙashin tafin hannuna. Amma ta yaya zan bayyana wa Yaya cewa shirun nan shi ne alheri?

"Ta kashe ta," in ji Dogo. "Wallahi ta sandare."

"Tana aiki. Don Allah a ba ta minti biyu."

"Ina aikin? Nuna mini aikin!" Yaya ya daki teburin, kwamfutar ta yi tsalle. Na rungume ta da hannu biyu, tabarau ya sake faɗuwa. Ya kama yatsuna yana ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, ya lanƙwasa na tsakiya baya har na ji wani abu ya yi ƙas. Na yi ihu. Umma ta riƙe rigarsa ta baya tana ja, ya fizge, ta tafi taga-taga ta dafa ƙasa daidai inda gilashin kofin ya zube.

Farin layin ya sauko sabon layi. Ya gama.

"Ya gama! Yaya, ya gama, duba!"

Na danna alamar da hannun da ya rage mini. Allon ya yi baƙi ƙirin. Na san wannan baƙin, wasan yakan yi daƙiƙa goma sha biyar a cikinsa kafin ya buɗe. Yaya ma ya sani, kullum yana ganinsa. Amma ya juya ya ga jini a tafin Umma, ya juyo ya ga baƙin allo, kuma ina jin a lokacin abin da zai daka kawai yake nema.

Ya dunƙule hannu ya naushi allon.

Gilashin ya tsage kamar gizo-gizo ya yi saƙa, wani ruwa mai launi ya bazu a ciki. Sai ga kiɗan wasan ya tashi daga ƙananan lasifikan, ganguna da ƙarar jirgi, da muryar wani soja yana ba da umarni.

Dogo ya yi 'yar dariya, ya haɗiye ta. "To ai ya buɗe," ya ce. "A jona da talabijin mana. Akwai wayar jonawa a jakata."

Yaya yana kallon bayan hannunsa da ya yanke. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kawo ta nan."

Na tsinci tabarauna, na zare wayar caji. Na ɗauki kwamfutar a buɗe, ban rufe ba don kada ta yi barci ta ƙi farkawa. Na nufi ƙofa.

"Ke! Da ke nake!"

Umma ta riga shi isa bakin ƙofar. Ta tsaya a tsakani bayan na wuce, ta ɗaga masa tafin hannunta, jinin yana bin gwiwar hannu yana ɗiga.

"Sai ka bi ta kaina," ta ce. "Zo ka ƙarasa."

Ban tsaya jin amsarsa ba. Na bi titi ba takalmi, kwamfutar a ƙirjina tana ta ƙarar harbe-harben wasan, mutane suna juyowa. Shagon mai buga takardu yana bayan kantin magani. Matar shagon ta dube ni, ta dubi kumatuna, ta dubi fasasshen allon. Ta zare wayar allon kwamfutarta ta miƙo mini.

Na jona. Allonta ya yi ƙifta sau biyu, sai ga sojan Yaya tsaye da bindiga yana jira. Na rufe shi. Na buɗe foldar makaranta. Shafi sittin da biyu, har da jadawalin da na gyara jiya.

"A buga?" ta ce.

"A buga. Kwafi biyu. Ki kuma ajiye mini ɗaya a taki."

Injin ya fara jan takarda. Yatsana ya kumbura ya yi kamar ba nawa ba, don haka da ɗan ƙaramin yatsa na buɗe baƙin allon umarni. Na canza kalmar sirri. Sannan na rubuta umarnin goge foldar wasan, na duba hanyar sau uku, na danna. Matar ta kawo mini ƙanƙara a leda, na ɗora a hannu, muka zauna muna jira ya gama.