Ranar da 'Yar'azumi Ta Raba Maganin Ƙwarin Wake

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa."

"Ta zo mu saurara, Kaka."

To, a nan Haɗeja akwai wani manomi, Muttaka, yana da wani irin wake fari ƙal da ya gada wurin mahaifinsa. Idan ruwan kogi ya ja baya, shi yake shukawa a fadama. Ran nan ya buɗe buhun irin, sai ya ga ƙwari suna ta shagali a ciki kamar gidan biki. Idan suka cinye, shi ke nan, waken ubansa ya tafi.

Ya buga wa autarsa Nuriyya waya. Ita tana aiki a wani ɗakin bincike, inda ake renon 'yan tsiron shinkafa a cikin kwalabe. Ee, kwalabe! Har ɗan sinadarin silika suke ɗiga musu wai don su yi ƙarfi. Ta ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Akwai hodar silika ta ajiyar hatsi, zan taho da ita."

Ranar da ta iso, ta dire jaka a ɗakin uwarta, ta ce, "Inna, ga kaya nan," ta bi ubanta ganin fadama.

Kun dai san 'Yar'azumi, matar Muttaka. Tsaraba ba ta kwana a ɗakinta sai maƙwabta sun samu rabonsu. Ta raba sabulu, ta raba alewa. Sai ga wani farin gari mai laushi a ƙasan jaka. Ba ta san ko mene ne ba, amma ai daga birni yake. Ta ƙulla shi ƙulli-ƙulli, ta yafa gyale, ta bi gida-gida.

Da suka dawo, Nuriyya ta zazzage jaka. "Inna, ina farin garin nan?"

"Na raba mana. Har gidan mai unguwa sun samu."

Muttaka ya zauna daɓas a ƙasa. "Wakena!"

"Wane wake kuma, Malam? Ni gari na raba."

"Inna, maganin ƙwari ne! Ba a ci, ba a shaƙa!"

Suka fita da gudu su ukun. Gidan Hajo mai ƙosai suka fara faɗawa. Ga ta zaune gaban madubi, fuska fari fat kamar wadda ta faɗa buhun fulawa, tana tari.

"Auta, hodar nan taku ta birni akwai kyau, amma fuskata sai ɗaurewa take kamar ganga."

"Gwaggo, wanke maza! Haka take yi wa ƙwaro, ta tsotse masa maiƙon jiki har ya bushe."

"Au! Ni ce ƙwaron?"

Ba su gama da ita ba suka jiyo atishawa ta katanga. Malam Abdulwahid ne, tsohon masunci. Ya zaci kanwar birni ce, ya gauraya da tabarsa ta gari. Atishawa ɗaya, hula ta faɗa kwandon kifi. Ta biyu, akuyarsa ta tsinke igiya.

"Muttaka," in ji shi, hawaye na zuba, "'yarka ta kawo kaya mai ƙarfi. Tun ina saurayi ban ji hancina ya buɗe haka ba."

"Kawu, huhu ba ya son ƙurarta! Zubar da tabar nan."

Maƙwabciyarsu Ummussalma kuwa sun tarar ta zuba a miyar kuka, tana ta juyawa tana masifa wai kanwar zamani ba ta narkewa. Aka zubar da miyar.

Da aka tabbatar kowa lafiya, Muttaka ya ce, "To, a tattaro sauran."

'Yar'azumi ta dafe ƙirji. "A tattaro me? Tsarabar da na bayar da hannuna? Malam, so kake a riƙa nuna ni a gidan suna? Wallahi ko ƙulli ɗaya ba zai dawo ba."

"To waken fa?"

"Waken yana da ƙafa ne da ba za a iya ɗaukar sa ba? Tunda gari ya ƙi zuwa wurin wake, a kai wake wurin gari."

Muttaka ya juya. Ya dubi Nuriyya. Ita kuwa dariya ta hana ta magana, sai kai take gyaɗawa.

Haka aka yi. Aka shanya waken ya bushe sosai, aka rarraba shi ajiya a gidajen da garin ya shiga. Kowane gida Nuriyya ta sa an ɗaure hanci da baki da ƙyalle, aka gauraya waken da garin a tsakar gida a hankali, aka rufe a tulu, aka wanke hannu. Malam Abdulwahid har rawani ya naɗa wa hancinsa, ya tsaya can bakin zaure yana ba da umarni.

Da ruwa ya ja baya, ajiya ta dawo, ƙwari sun bushe ƙayau, wake lafiya lau. Sai dai waken kowane tulu ya ɗan ragu. Hajo ta rantse wai ɓera ne, ɓeran da ya iya buɗe murfi ya kuma mayar.

Muttaka ya shuka wakensa ya girbe. A shekarar, farin waken nan ya fito a gonakin unguwar gaba ɗaya, kuma ba wanda ya tambayi wani. Nuriyya ta koma wurin kwalabenta. Hajo ta koma hodarta ta da, Malam Abdulwahid ya bar taba. 'Yar'azumi har yau tana rabon tsaraba, sai dai yanzu takan jira mai jakar ta dawo.